Yadda ɗalibi zai shiga ƙungiyar Phi Theta Kappa a Amurka

Ƙungiyar Phi Theta Kappa, wadda aka kafa a jihar Misuri a shekarar 1918, ita ce ke karrama haziƙan ɗaliban kwalejojin shekara biyu na Amurka. Mai son shiga sai ya fara kammala darussa, galibi na aƙalla kiredit 12 (kiredit shi ne ma'aunin sa'o'in darasi), kuma a yawancin kwalejoji ana so matsakaicin makinsa ya kai 3.5 cikin 4. Daga nan ya tuntuɓi malamin da ke kula da reshen ƙungiyar a kwalejinsu, domin ta hannun reshe ake samun gayyata. Kuɗin rajista sau ɗaya ake biya, kuma ya kyautu ɗalibi ya adana takardar shaidarsa, domin tana da amfani ƙwarai wajen neman tallafin karatu idan zai wuce jami'a.