Kurakuran masu ƙirga maganin da ba a buƙata daga bayanan kwamfuta

Duk shekara ana turo mana matasa nan Tawa su koyi aikin ƙididdigar lafiya, kuma duk shekara sai na ga an faɗa ramin da na faɗa. Aikin a baki ba wuya: ka duba bayanan marasa lafiya da ke cikin kwamfuta, ka ƙirga sau nawa aka ba da magani ko aka yi gwajin da bai ƙara wa majinyaci komai ba. To, ƙannena, ku saurara.

Babban kuskure shi ne ɗaukar gurbin da ba a cika ba a matsayin aikin da ba a yi ba. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a tabbatar da masassarar cizon sauro ta hanyar gwajin jini kafin a ba da magani. Sai ni, da zafin kaina na sabon shiga, na jawo bayanan wani CSI, wato ƙaramin asibiti, na ƙauye, na ga yara rututu an ba su maganin palu, wato masassarar cizon sauro, amma gurbin TDR, gwajin jinin nan na gaggawa, fayau. Ban tambayi kowa ba. Na rubuta rahoto, aka karanta a taron gunduma, gaban jama'a. Majon wurin, wato shugaban asibitin, dattijo da ya isa ya haife ni, bai ce uffan ba. Washegari ya zo da rajistarsa a leda, ya buɗe min shafi bayan shafi: an yi gwajin, an rubuta da biro, wuta ce ba su da ita ta shigar da shi. Wasu makonnin kuma kayan gwajin ne suka ƙare gaba ɗaya, ga yaro jiki kamar garwashi, me zai yi? Ya ce min, “Ɗana, da ka yi sallama da ka ji.” Har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni. Tun daga ranar ba na fitar da adadi sai na zari fayil talatin da ka, na je na gwada su da rajistar takarda, na kuma duba katin ajiyar magani don sanin ranakun da kaya suka yanke. Wasu abokan aiki na cewa ɓata lokaci ne. Su suka sani.

Na biyu, wanda ya fi ba ni haushi saboda lalaci ne kawai: ƙirga antibiyotik ba tare da ware waɗanda suka cancanta ba. Kun ga amoksisilin da yawa, sai ku hau ihu wai an yi ɓarna. Kun buɗe littafin ƙa'ida kuwa? Yaron da ke fama da tamowa mai tsanani ana ba shi amoksisilin ko ba ya tari, haka tsarin yake. Yaro mai tari da ke numfashi sau 50 ko fiye a minti ɗaya, tsakanin wata 2 zuwa 11, ko sau 40 daga shekara 1 zuwa ƙasa da 5, ciwon huhu ake ɗauka, maganinsa ke nan. Ɓarnar gaskiya tana wajen mura da zawo marar jini, wanda shi zawon ruwan gishiri da sukari da zinki sun wadatar masa. Ku fitar da waɗanda suka cancanta tukuna, sannan ku yi lissafin da abin da ya rage. In adadin numfashi ba ya cikin fayil, ni ina sa shi a rukunin “ba a sani ba”, ba na laƙa wa kowa laifi.

Kada ku nemi wannan amsar a DHIS2, manhajar da ake tara rahotannin asibitoci a ciki. Rahoton wata da ake shigarwa ciki jimla ce. Ba zai gaya muku wane yaro ya sha wane magani ba.

Kada ku gwada watan Satumba da Afrilu. Damana daban, bazara daban.

Yaro ɗaya yakan zama uku a cikin bayanan, yau Mahamadou, gobe Mamadou, jibi Mamane. Ku haɗa da ƙauye da sunan uwa.

Akwai kuma masu kwaso jerin Choosing Wisely na gwaje-gwaje da magungunan da ba a buƙata, wanda aka fara a Amurka a 2012, su zo suna neman hoton MRI na ciwon baya a inda ko na'urar babu. Namu a fili yake: allura inda ƙwaya za ta yi, ƙarin ruwa ga mai iya sha da bakinsa don dangi sun matsa, gwajin Widal na taifot ga duk mai zafin jiki. Ma'aunan rubuta magani da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar tun 1993, musamman yawan magunguna a takarda ɗaya, da kason masu antibiyotik, da kason masu allura, da su nake farawa.

In adadin ya fito, majo ne zai fara ganinsa, a ofishinsa, mu biyu, kafin ya kai kowane taro.