Bindiga mai ninkewa ba ta cijewa haka kawai: kurakuran da na gaji da gani

Duk wanda ya saba zuwa filin harbi a nan Amurka ya san wannan ƙorafin. Mutum ya sayi bindiga mai ninkewa, irin doguwar nan mai cin harsashin fistol, ya zo da ita ranar farko, ta cije masa sau biyu ko uku, sai ya tattara kayansa yana cewa an cuce shi. Na ji daga bakin Turawa, na ji daga 'yan'uwanmu da suka fara sha'awar harbin saiti, har abin ya ishe ni. Galibi idan na karɓi bindigar na duba, lafiyarta ƙalau. Matsalar tana cikin abin da aka ɗura mata, ko a hannun mai riƙe da ita.

Bindigogin da nake nufi su ne irin SUB-2000 ta kamfanin Kel-Tec da ke garin Cocoa a jihar Florida, wadda ta fito a 2001, aka sabunta ta a 2015, aka sake sabuntawa a 2024, da kuma M&P FPC da Smith & Wesson ya fitar a 2023. Ta farko bututunta yake kifewa a kan bayanta, ta biyu a gefe take ninkewa. A ciki kuwa tsarinsu ɗaya ne, kuma wanda bai gane shi ba zai yi ta wahala. Akwai dunƙulen ƙarfe mai nauyi da ke kai-komo a bayan harsashi, mu kira shi sakata. Babu abin da ke kulle shi. Nauyinsa da ƙarfin sifirin ne kaɗai ke riƙe shi har harsashi ya fice, sannan ƙarfin albarushi ya turo kwanso baya, sakatar ta ja da baya ta jefar da shi, ta dawo ta ɗauki sabo. To, duk abin da ya rage wa wannan kai-komo ƙarfi ko ya ɓata masa lokaci, shi ne cijewa.

Na fara da magazin, wato gidan da ake jera harsasai a ciki, domin nan ne mafi yawan kuka yake. Abin da ya ja mutane ga SUB-2000 shi ne tana karɓar magazin ɗin fistol ƙirar Glock, kuma kasuwa cike take da na kwaikwayo masu rabin kuɗi. Sabon shiga zai kashe ɗaruruwan daloli a kan bindiga, sai ya zo wajen magazin ya fara tsimi, ya kwaso dogayen nan masu cin harsashi sama da 30 waɗanda ko sunan maƙerinsu ba a iya karantawa. Malam, sifirin ɗin da ke ciki shi ne zai ɗaga jerin harsasai kafin sakata ta dawo, kuma sakatar nan ba ta jiran kowa. In ya yi sanyi, ko dai ta wuce ta bar harsashin a ƙasa, ko ta kama shi a tsakiya ya soki bakin mazauninsa a karkace. Sai ka ga mutum yana ta buga bindiga da tafin hannu yana tsine wa kamfani.

Ni ga yadda nake yi, ban ce kowa sai ya bi ba. Sabuwar bindiga ba na gwada ta da komai sai magazin na asali, mai 17 ko mai 15, gwargwadon wanda mariƙinta yake karɓa. Kowane magazin ina rubuta masa lamba a gindi da farin fenti. In bindiga ta cije, kafin na taɓa komai sai na juya na ga lambar. In lamba ɗaya ce ke ta maimaituwa, shari'a ta ƙare, na ware shi daga jakar. Ban taɓa ajiye magazin mai laifi da niyyar zan gyara wata rana ba, don zai koma cikin sauran ya sake ruɗa ni. A kula kuma, magazin ɗin Glock 17 yana shiga bindigar da aka yi wa mariƙin Glock 19, amma na 19 ya yi gajarta ga mariƙin 17. Sannan in ka cika shi taf ka tura alhali sakata tana rufe, ka danna da ƙarfi ka ɗan ja shi ƙasa ka tabbata ya kama. Da yawa daga cikin "ta ƙi ɗaukar harsashi" magazin ne bai zauna ba.

Yanzu ga wanda ya fi ci mini rai, domin shi ne ya ci mini bututu guda, kuma ya kusa cin fiye da haka. Harsashin araha. A irin bajekolin bindigogi da ake yi a ƙarshen mako akwai masu sayar da harsasan da aka sake ɗurawa a gida, a zuba su cikin leda ba kwali ba suna. Na taɓa sayen irin wannan daga wani teburi. Ina cikin harbi sai ɗaya ya yi wata ƙara maras ƙarfi, kafaɗata ba ta ji bugun da ta saba ji ba, kwanso bai fita ba. Na ja mariƙin ɗanawa na fitar da shi, na sake ja kunama. Ashe albarushin na farko bai kai ba, kan harsashin ya tsaya a tsakiyar bututu, na biyu ya same shi a can. Allah ya tsare fuskata da hannuna, amma da na shafa bututun da yatsa sai na ji kumburi zagaye da shi kamar zobe. Ya tashi daga aiki.

Ku saurara da kyau, don wannan ba maganar tsada ko araha ba ce kawai. Bututun bindigar nan ya ɗan haura inci 16, saboda dokar tarayya ta ware doguwar bindigar da bututunta bai kai haka ba a wani aji na dabam. Na Glock 19 inci 4 ne da 'yan kai. Ke nan harsashin da aka yi wa fistol yana da tafiyar da ta ninka tasa wajen sau huɗu kafin ya ga haske. Wanda ya yi rauni zai iya lallaɓawa ya fice daga fistol, a nan kuwa ya tsaya a hanya. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda ake koya wa sababbi cewa da zarar bindiga ta cije a buga magazin, a ja, a ci gaba. Wa ya ce muku kowace cijewa iri ɗaya ce? In ƙara ta sauya, in bugu ya ragu, ka cire yatsa daga kunama, bakin bindiga yana kallon inda ake harbi, ka zare magazin, ka fitar da abin da ke ciki. Sannan ka yi amfani da baiwar da wannan bindiga take da ita wadda wasu ba su da ita: ninke ta, ka leƙa bututun ta baya ka ga ko haske ya ratsa. Aikin daƙiƙa kaɗan ne. Wanda ya ce yana jin kunyar a gan shi yana leƙen bututu a gaban mutane, kunyar ta fi masa ido ke nan?

Tun daga lokacin ba na zuba mata sai harsashin masana'anta mai kwanson tagulla. A farkon rayuwar bindiga, lokacin da sifirin yake da tauri, na fi son mai nauyin giren 124 a kan mai 115 (giren ma'aunin nauyin kan harsashi ne), don na ga ya fi tura sakata har ƙarshe. Mai kwanson alminiyam kuwa ba na kusantar da shi ga bindigar da sakatarta ba ta kullewa, tunda kwanson yana fara ja da baya ne da sauran matsi a cikinsa. Akwai masu harba shi su ce ba su ga komai ba. Su da nasu, ni dai a'a. Mai rami a ka shi ma sai ka gwada shi da kowane magazin naka kafin ka yarda da shi, don ba duka ne ke hawa lami lafiya ba.

Sai maganar mai. Kashi biyu ne masu kuskure a nan: wanda ya ciro ta daga kwali ya harba a bushe, da wanda ya yi mata wanka da mai har yana ɗiga. Irin wannan tsari yana mayar da hayaƙin albarushi cikin bindiga sosai, in ya tarar da mai ya yi yawa sai su haɗu su zama baƙin kwaɓi, sakata ta riƙa tafiya da ƙyar. Ni ina goge sakata da cikin bututun da take gudu a ciki da tsumma, in shafa mai siriri yadda za ta yi sheƙi kawai. Mazaunin harsashi kuma a bushe nake barinsa, bayan na bi shi da burushi. Shi ma wurin ba a cika kula da shi ba. In bindiga tana ninke, mazaunin a buɗe yake, kuma mutane cikin jakar goyo suke jefa ta tare da safa da ɓurɓushin biskit. Ka duba ka hure kafin ka miƙe ta.

Sauran ba sa buƙatar dogon bayani. Kada ka raka mariƙin ɗanawa gaba a hankali, ja shi har ƙarshe ka sake shi ya tafi da ƙarfinsa. A SUB-2000 mariƙin yana ƙarƙashin bututun baya kuma yana kai-komo da kowane harbi, to rigar sanyi mai kauri ko hannun da ya lalubo wurin zai tare shi, masu dogon gemu kuma su tattare shi gefe. Ka danna gindin bindiga a kafaɗa sosai, riƙon sakwa-sakwa yana cinye ƙarfin da sakata take buƙata. In ka miƙe ta, ka ji makullin ya kama, ka ɗan girgiza ka tabbata. Kada ka ninke ta da harsashi a ciki. Sukurorin da suka haɗa robar jikinta a riƙa duba su, amma ban da ɗaurin ƙarfi. SUB-2000 ba ta tsayawa a buɗe bayan harsashin ƙarshe, don haka in ka ji kunama ta yi ƙas babu ƙara, duba magazin tukuna, wataƙila ƙarewa kawai ya yi.

Akwai kuma masu cika ta da kayan ƙari tun kafin su harba ko ɗaya: sabon sifirin, sabuwar kunama, mariƙi mai nauyi, duk a dare ɗaya. Da safe ta cije, wanne za ka zarga? Ka fara sanin halinta yadda ta fito, sannan ka sauya abu ɗaya, ka gwada, kafin na gaba. Madubin saiti ma haka. A zubin SUB-2000 na farko da na biyu, in ka ɗaura shi kai-tsaye a sama ya hana ta ninkewa, abin da aka magance a na 2024 da gaba mai juyawa. Masu mazaunin madubi mai lilo na araha su ne za ka ji suna cewa bindiga ba ta da saiti, alhali madubin ne ke rawa.

Wani abu da ya shafe mu musamman: shigarta cikin jaka bai ba ka izinin yawo da ita ba. Dokoki sun bambanta daga jiha zuwa jiha, Kalifoniya da New York sun taƙaita magazin a harsashi 10, kuma wanda yake ƙasar da bizar karatu ko ta ziyara dokar tarayya ta hana shi mallakar bindiga sai da wasu sharuɗɗa ƙalilan. Ka tambayi masanin dokar jiharka kafin ka taka shago.

In ta hannu za ka saya, ka tuna Kel-Tec ya taɓa kiran a dawo da wasu SUB-2000 da aka ƙera a 2017 saboda matsalar ƙarfen bututu. Ka karɓi lambar jikinta ka bincika wurin kamfanin ko tana cikinsu kuma ko an sauya mata bututu, sannan ka ninke ta a gaban mai sayarwa, ka leƙa ciki, ka bi bayan bututun da yatsa daga farko har ƙarshe kafin ka ciro kuɗi.