Bayan kwaf-ɗaya na farko: kurakuran da ke gama ɗan dambe

Ranar da aka fara sumar da ɗan dambe, abu biyu ne suke jin rauni tare: ƙwaƙwalwarsa da yardar da ya yi wa kansa. Duka biyun suna iya warkewa. Sai dai yawancin ɓarnar da ake ɗora wa wancan naushi, a watannin da suka biyo baya ake yin ta, kuma sau da yawa da hannun koci da 'yan sansani.

Kuskuren farko tun a daren ake tafka shi. A ɗaga yaro da ƙarfi, a kwara masa ruwa, a ce tunda ya miƙe ai shi ke nan. Abin da ya dace shi ne, wanda ya suma, a bar shi kwance, kada a motsa wuyansa, a tabbatar yana numfashi, likita ya duba shi. Kada ya tuƙa babur ko mota, kada ya kwana shi kaɗai. Idan kansa na ciwo, farasitamol ya isa. Asfirin da ibuprofen suna iya ƙara zubar jini, taramol kuma yana ɓoye alamomin da ake son gani. Amai fiye da sau ɗaya, ciwon kai mai ƙaruwa, jijjiga, barcin da ke wuyar tashi, mutuwar hannu ko ƙafa, ko baƙin ido ɗaya ya fi ɗaya girma: kowanne daga ciki, a tafi asibiti nan take. Hoton kai yana iya fitowa lafiya lau alhali ƙwaƙwalwa ta girgiza, domin abin da ya fi nunawa shi ne jini ko karaya.

Babban kuskure shi ne gaggawar komawa fage. Naushin da ya sami haɓa ko muƙamuƙi yana murɗa kai da sauri, ƙwaƙwalwa ta girgiza a cikin ƙoƙonta, jijiyoyinta su miƙe, aikinsu ya rikice. Tana ɗaukar makonni tana gyara kanta, kuma a wannan tsakanin dukan da a da yake shanyewa yana iya kwantar da shi. Duka na biyu kafin na farko ya warke yana iya jawo kumburin da ke kisa, musamman ga matasa. Dokokin damben 'yan dagaji na duniya sun sa hutun kwana 30 ga wanda aka tsayar bai suma ba, kwana 90 idan ya suma ƙasa da minti ɗaya, kwana 180 idan ya haura minti. Wannan mafi ƙaranci ne, kuma damben gwaji a gidan atisaye yana cikin abin da aka hana. A nan ake yawan yin ha'inci: ba ya fita gasa, amma kullum yana shan duka a wurin abokan atisaye.

A duba ɗan damben Amurka Roy Jones. Antonio Tarver ya sumar da shi a turmi na biyu a watan Mayu 2004. A watan Satumba ya koma, Glen Johnson ya shimfiɗe shi a turmi na tara. Manny Pacquiao kuwa, da Juan Manuel Márquez ya kifar da shi a Disamba 2012, bai sake shiga fage ba sai Nuwamba 2013, ya kuma ci gaba da lashe kambu bayan haka. Shekaru da nauyi sun taka rawa a labarin Jones, amma wata huɗu ya yi kaɗan. Maganar ta shafi damben gargajiya ma. Ba kowane kisa ne suma ba, wani hannu kawai ya dafa ƙasa. Amma wanda ya tafi ya dawo, kada a ɗaura masa zare gobe ko jibi don kiɗa ya yi daɗi.

Komawa mataki-mataki ake yi: kwana ɗaya ko biyu na hutu, sai tafiya da keke a hankali, sai gudu da naushin iska, sai dukan buhu da tafin koci, a ƙarshe gwaji mai sauƙi bayan wa'adi ya cika kuma likita ya amince. Ciwon kai, jiri ko ƙyamar haske suka dawo, a koma matakin baya.

Wasu kociyoyi suna ganin haɓa tana taurara da duka. Ba ta yi. Hular kariya ma yanka da kumburin fuska take ragewa, ba ta hana kai murɗawa. Abin da ke taimakawa shi ne ƙarfafa wuya sau biyu ko uku a mako, sunkuyar da haɓa, da ido a buɗe, domin naushin da ba a gani ba shi ne ke sumarwa. A kuma daina matse jiki da ƙishirwa don cika ma'aunin nauyi. Idan sai ya bushe kafin ya hau sikeli, ya koma ajin gaba.

Sai maganar zuciya, wadda aka fi kasa gane ta. Alamunta a fili suke: yana runtse ido, yana ja da baya a miƙe, yana jefa hannu ya janye kafin ya isa, ko kuma ya koma kutsawa ba lissafi don ya nuna bai tsorata ba. Gori ba ya maganin wannan, haka ma kirari. Haɗa shi da mai nauyin hannu don a gwada shi ƙarin rauni ne. Abin da ke dawo da zuciya shi ne ya san dalilin faɗuwarsa. A zauna da shi a kalli bidiyon, a hankali, a gano kafar da naushin ya bi. Max Schmeling ya lura Joe Louis yana sauke hannun hagu bayan ya jefa shi, ta nan ya gama da shi a turmi na 12 a 1936. Louis ya toshe kafar, a 1938 ya gama da Schmeling a turmin farko. Wladimir Klitschko, bayan Corrie Sanders ya tsayar da shi a 2003, Lamon Brewster ma a 2004, ya koyi riƙe tazara da hannun gaba a ƙarƙashin koci Emanuel Steward, bai sake faɗuwa wasa ba sai 2015. Anthony Joshua ma, da Andy Ruiz ya tsayar da shi a Yuni 2019, ya rage nauyi, ya dawo a Disamba yana zagaya fage, ya ci da maki a Saudiyya.

A gidan atisaye haka ake jera shi: koci yana jefa irin naushin nan a hankali, yaro yana tarewa yana mayarwa. Sai gwajin hannun gaba kaɗai, sai dukan jiki kaɗai, da safar hannu mai nauyin oza 16 da abokin da ke iya riƙe hannunsa. Wasan farko bayan dawowa ya zama gajere, da wanda ya iya dambe amma hannunsa ba ya kisa.

Akwai kuma wanda bai kamata ya koma ba. Idan ya sake suma daga dukan da bai kai ya kawo ba, ko ciwon kai ya ƙi tafiya bayan wata guda, ko iyalinsa suka lura da mantuwa, saurin fushi ko sarƙewar harshe, a kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, koci kuma ya ƙi sa hannu a kowane wasa har sai likitan ya yi magana.