Yadda ake ziyartar Shofuso, gidan gargajiyar Japan da ke Amurka

A birnin Nagoya na Japan aka gina Shofuso a 1953, bisa zanen Junzo Yoshimura. An fara baje kolinsa a New York, sannan a 1958 aka sake harhaɗa shi a Fairmount Park da ke Filadelfiya. Katako ne da takarda da ciyawa, rufinsa ma ɓawon itacen hinoki ne, don haka ɗan sakacin baƙo yana iya jawo gyara mai tsada.

Ka je da safa mai tsabta. Takalmi a bakin ƙofa yake tsayawa, kuma ba a shiga da ƙafa tsirara, domin gumi yana barin tabo a tatami. Tatami tabarma ce mai kauri, kimanin santimita 90 a faɗi da 180 a tsawo, an saƙa samanta da ciyawar igusa. Kada ka ja ƙafa a kanta, kada ka taka gefenta mai ɗinkin ƙyalle, nan ne yake fara zarewa. Dokin ƙofa tsallake shi ake yi: a cikin kwarinsa ƙofa take zamewa, in ya lotsa sai ta riƙa cijewa.

Jakar baya ka sauke ta ka riƙe a hannu. Juyi ɗaya ya isa ta huda takardar ƙofa. Zanen ruwa mai gangarowa guda 20 da Hiroshi Senju ya bai wa gidan a 2007 kallo kawai ake yi, maiƙon yatsa ba ya fita daga takarda.

Babban kuskure shi ne zagaya gidan a tsaye cikin sauri. Don wanda ke zaune a kan tabarma aka yi shi. Ka fita barandar katako da ake kira engawa, ka zauna kamar minti goma. Daga nan ne lambun da Tansai Sano ya tsara yake haɗuwa a ido: tafkin kifin koi, ɗan tsibiri, da ruwan da ke zubowa ta kan duwatsu.

A cikin lambu ka bi duwatsun takawa ɗaya bayan ɗaya. Gansakukar da ke gefensu ba ta jure taku, tana daɗewa ba ta farfaɗo ba. A kowane lambun Japan, in ka ga dutse ɗaure da baƙar igiya a tsakiyar hanya, ba a wucewa ta nan.

Ana rufe gidan lokacin tsananin sanyi, sai ka duba ranakun buɗewa kafin ka tashi. Watan Afrilu, da itatuwan sakura ke fure, akwai cunkoso, gara ka isa da zarar an buɗe.