Kurakuran da iyaye ke yi kan kuɗin ciyar da yara bayan rabuwar aure

"Tunda ta tafi da su, ta ciyar da su." Da wannan maganar uba yakan jefa 'ya'yansa cikin wahala a Katsina da Daura, don ya haɗa riƙo da ciyarwa, alhali kowanne da hukuncinsa. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'ar Musulunci ke bi a jihar Katsina, uwa ce ta fi cancantar riƙo: namiji har ya balaga, mace har ta tare a ɗakin miji. Amma ci da sha da sutura da wurin kwana suna wuyan uba, ko yaran na hannun uwarsu ko na kakarsu.

Masu zuwa kotu da tunanin akwai adadin da aka yanke wa kowa ma sun yi kuskure. Alƙali yana duban samun uba da tsadar kasuwa, bisa aya ta 7 ta Suratuɗ Ɗalaƙ, wadda ta umarci mawadaci ya ciyar gwargwadon wadatarsa. Uwa ta je da lissafi a rubuce: mudun hatsi nawa a wata, kuɗin makaranta, Islamiyya, magani. Uba kuma kada ya ɓoye albashi ko amfanin gona.

Idan yara na yin hutu a gidan uba, wasu sai su zaftare kuɗin wata da kansu. A zauna gaban alƙali ko waliyyai a rubuta yadda za a yi da waɗannan kwanakin tun farko. Uba yana da haƙƙin ganin 'ya'yansa da lura da tarbiyyarsu da karatunsu, amma ba zai ce "ki turo su su ci a gidana" a maimakon kuɗin ba. Mai riƙo ce ke karɓa.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne shirun uwa. Kunya da kara su sa ta yi shekaru tana sana'ar ƙosai ko ɗinki tana ciyar da yara, sannan ta nemi a biya ta na baya. A Malikiyya ciyarwar yaro da lokacinta ya wuce tana faɗuwa, sai in alƙali ya riga ya yanke ta, ko wanda ya ciyar ya yi da niyyar a biya shi. Saboda haka, 'yar'uwa, ki kafa shaidu tun watan farko cewa kina ciyarwa ne da niyyar a biya ki, ki shigar da ƙara da wuri. In farashi ya tashi, ki koma kotun ki nemi a sake duba adadin.