Shawara ga masu zuwa Chicago cin piza

Salam 'yan uwa, duk wanda ya shigo Chicago kar ya ɗauka nau'in pizza na deep dish da na pan abu ɗaya ne don kawai duk a kasko mai zurfi ake gasa su. Deep dish irin na gidajen pizza kamar Pizzeria Uno da aka buɗe tun 1943, ko na Lou Malnati's, cuku ne a ƙasa, tumatir a sama kamar an zuba miya, sai da wuƙa da cokali mai yatsu ake cinsa. Na Pequod's kuwa pan ne, biredin ya fi kauri da laushi, ga cukun gefe ya gasu har yayi baƙi kamar ƙanzon shinkafa, ni dai wallahi shi nafi so.

Abin da zan ce muku shi ne ku yi oda tun kafin ku isa, gashin na ɗaukar wajen minti 45, in ka shiga da yunwa zaka sha jira. Yanka biyu ya ishe ka.

Kuma a kula sosai, sosej da pepperoni ɗinsu yawanci naman alade ne, ku ce a sa muku alayyafo ko naman kaza.