Yadda na gyara wa ɗana shaƙar inhela

Tun shigowar hunturu ɗana mai shekara 6 yake kwana yana huci, ga inhelar salbutamol, shuɗiyar nan ta masu asma da ake fesawa a baki a shaƙa, amma kamar ba ta. Na zaci jabu ce, na sayo wata. Na duba kwanan lalacewa, lafiya lau.

Sai wata nas ta ce, “Maman yara, ba shi a gabana in gani.” Ashe maganin a harshe da maƙogwaro yake maƙalewa, don yaro ba ya iya haɗa dannawa da jan numfashi.

Ta ba mu sifesa, bututun roba da ake sa inhela a bayansa. Yanzu nakan girgiza inhelar, in sa ta a tsaye a bayan sifesar, yaron ya riƙe bakin sifesar da leɓɓansa gam. In danna sau ɗaya kacal, ya ja numfashi a hankali sau 5. In jira rabin minti, in sake girgizawa kafin danna na biyu. Da can biyu nake zubawa lokaci guda!

Sifesar, ruwan sabulu nake wanke ta, in bar ta ta bushe, ba gogewa da tsumma.

Alhamdulillahi, kwana uku ke nan yana samun barci da dare. Allah ya saka wa nas ɗin.